Mai kare da inshorar gida a Amurka: wace takarda ce za ta biya ranar da ya yi cizo?

Duk wanda ya sayi gida da bashin banki a Amurka sai ya yi masa inshora, domin banki ba ya sakin kuɗi sai ya ga takardar. Ɗan haya ma sau da yawa mai gida kan gindaya masa sharaɗin ya kawo tasa. To a cikin tambayoyin da wakilin kamfani zai jero maka, daga shekarar da aka yi rufin gidan zuwa ko akwai kwamin wanka a bayansa, akwai wata 'yar gajeruwa: kana da kare, kuma wane iri ne? Amsar da ka bayar ita ce ke raba wanda kamfani zai tsaya masa a kotu da wanda za a bari shi kaɗai da bashin da ya fi ƙarfinsa.

Wannan tambaya ta fi shafar mutanenmu fiye da yadda ake zato. Bahaushe in ya ajiye kare, don gadi ne ko farauta ko kiwo, kuma irin da ido ya saba gani a ƙofar manyan gidajen Kano da Kaduna da Abuja, wato Alsatian da Rottweiler, su ne kamfanonin Amurka da yawa suka sa a jerin karnukan da ba sa so. Alsatian ɗin nan shi ne German Shepherd a bakinsu. Sauran 'yan jerin su ne dangin Pit Bull gaba ɗaya, Doberman, Chow Chow, Akita, Presa Canario, Cane Corso, da duk karen da aka haɗa jininsa da na kyarkeci. Wasu kamfanonin kan ƙara Husky da Malamute da Mastiff. Babu jeri guda na ƙasa baki ɗaya, kowane kamfani da nasa, kuma ruwa-biyu ma ba ya tsira: da yawa sun rubuta cewa karen da ke da jinin ɗaya daga cikin waɗannan, hukuncinsu ɗaya.

Dalilin tsoron nasu kuɗi ne. Alƙaluman da cibiyar bayanan inshora ta Triple-I da kamfanin inshora na State Farm ke fitarwa duk shekara sun nuna cewa a 2023 an nemi diyyar raunin da kare ya jawo sau 19,062, aka biya kimanin dala biliyan 1.12, wato dala 58,545 a kan kowace nema idan aka raba daidai. A 2024 adadin ya hau zuwa 22,658, kuɗin ya haura dala biliyan ɗaya da rabi, matsakaicin ya kai dala 69,272. Kalifoniya ce ke kan gaba, Fulorida na biye da ita. Kuma ba cizo kaɗai ake lissafawa ba. Kare ya yi tsalle ya ka da tsohuwa ƙugunta ya karye, ko ya bi mai keke ya faɗi, duk suna ciki.

Abin da takardar ke ɗauka da abin da ba ta ɗauka

Takardar da mafi yawan masu gida ke riƙe da ita ana kiranta HO-3, ta ɗan haya HO-4, ta mai ɗaki a babban bene na haɗaka HO-6. A dukkansu sassa biyu ne suka shafi kare. Sashen E shi ne na alhakin ɓarnar da ka jawo wa wani, yawanci daga dala 100,000 zuwa 300,000, wani lokaci 500,000. Sashen F ƙarami ne, dala 1,000 zuwa 5,000, na kuɗin asibitin baƙon da ya ji rauni ba tare da an tsaya binciken waye mai laifi ba. Shi ne ke kashe ƙananan rigingimu tun kafin su kai ga lauya.

Alherin sashen E a takarda ta asali ya wuce adadin da aka rubuta. Kamfani ne zai ɗauko lauya ya biya shi daga aljihunsa, ko da ƙarar ba ta da tushe, kuma kuɗin lauyan ba a cire shi daga cikin adadinka. Ba a kuma neman ka fara biyan wani kaso kafin su shigo, saɓanin yadda ake yi a gobara ko sata. Kariyar tana bin karen duk inda ya je, a titi ne ko a filin shaƙatawa. Hatta maƙwabcin da ka ba shi igiyar ya zaga da karen don zumunci yana ƙarƙashinta, amma ban da wanda sana'arsa ke nan, kana biyansa.

Ga inda ba ta kai ba. In karen ya ciji ɗanka ko matarka ko wani ɗan'uwa da ke zaune a gidan, babu ko sisi, domin su ma masu inshorar ne, wannan aikin inshorar lafiya ne. In ya yage kujerunka ko ya kankare ƙofa, asararka ce. In kana kiwon 'yan kwikwiyo kana sayarwa, ko karen shagonka yake gadi, to an shiga sana'a, takardar gida kuwa ta cire sana'a. Inshorar dabbobi da ake tallatawa a asibitin dabbobi ta jinyar karen ce kawai a Amurka, ba ta biyan wanda aka ciza. A Ingila ne aka saba haɗa ta da alhakin wani, shi ya sa wanda ya ƙaura daga can kan ruɗe.

Jiharka ce ke fara yanke hukunci

Kafin ka kwatanta kamfani da kamfani, ka san dokar jihar da kake, ta fuska biyu. Ta farko, yaushe mai kare ke ɗaukar alhaki? A Kalifoniya da Fulorida, da zarar karenka ya ciji mutum a bainar jama'a, ko a wurin da doka ta yarda mutumin ya shiga, alhakin na kanka, ko da bai taɓa yi wa kowa gurnani ba. A Teksas da Virginia sai an nuna cewa ka san halinsa tun farko, ko kuma ka yi sakaci. Fulorida ta ɗan sassauta wa wanda ya kafa allon gargaɗi a inda kowa zai gani, amma sassaucin bai shafi yaron da bai kai shekara 6 ba. Ma'aikacin gidan waya da mai kawo saƙo doka ta ba su damar zuwa ƙofarka, kuma hukumar gidan waya ta ce sama da ma'aikatanta 5,800 karnuka suka kai wa hari a 2023.

Ta biyu, shin kamfani na da ikon ƙin ka saboda irin karen kawai? A mafi yawan jihohi yana da shi. Pennsylvania ta daɗe da hanawa. Dokokin New York da Nevada sun fara aiki a Janairun 2022, ta Kolorado a Janairun 2024, Illinois ma ta bi sahu. Abin da ya faru a New York darasi ne: dokar farko ta hana ƙin bayarwa da sokewa da ƙara farashi saboda iri, sai aka lura ta bar kafar da za a ba ka takardar amma a cire karen daga cikinta, dole aka sake gyara a 2022 don a toshe wannan kafa. Duk waɗannan dokoki sun bar wa kamfani damar gudun karen da hukuma ta riga ta ayyana mai haɗari.

A ganina waɗannan jihohi sun fi gaskiya. Binciken da aka fi kafa hujja da shi, wanda aka buga a 2000 kan mutanen da karnuka suka kashe daga 1979 zuwa 1998, ya nuna cewa dangin Pit Bull da Rottweiler na da hannu a fiye da rabin mace-macen da aka san irin karen. Amma su kansu masu binciken sun ja kunne cewa gane irin kare da ido ba abin dogaro ba ne, kuma ba a san yawan kowane iri a ƙasar ba balle a auna haɗarinsa. Sai dai ra'ayi daban, takarda daban. Mai sayen inshora da abin da ke rubuce zai yi aiki.

Hanyoyi huɗu, ba darajarsu ɗaya ba

Hanya ta farko ita ce kamfanin da ba ya duba iri sai hali. State Farm shi ne mafi shahara a nan: ba ya tambayar irin karen, tarihin cizonsa yake tambaya. USAA ma haka aka san shi, sai dai na sojoji ne da tsofaffin sojoji da iyalansu. A wannan hanya karenka na cikin sashen E cikakke, da lauya da komai. Ko da kuɗinta na shekara ya ɗara na wani kamfani da dala ɗari biyu ko uku, ita ce zaɓin farko ga duk mai Rottweiler ko Alsatian da bai taɓa cizo ba. Rauninta ɗaya ne, kuma babba: cizo na farko na iya kawo ƙarshen zumuncin. Lokacin sabuntawa sai a ƙara kuɗi, ko a cire karen, ko a ce ka nemi wani wuri.

Hanya ta biyu ita ce tarkon da ya fi kama mutane, domin daga nesa kamar ta farko take. Shafin farko na takardar ya ce sashen E dala 300,000, amma can baya akwai ƙarin shafi da ya ƙayyade alhakin dabba a dala 25,000 ko 50,000. A Fulorida wannan ya zama ruwan dare. Ka auna 25,000 da matsakaicin 69,272 na 2024, za ka ga ko rabi bai kai ba. Ga mai ƙaramin kare da bai wuce kilo biyar ba, ana iya lallaɓawa da ita. Ga mai kare mai kilo arba'in da ke zaune a unguwa mai yara, araha ce da ba ta ado.

Hanya ta uku: takardar gida ta cire kare gaba ɗaya, sai ka sayi wata daban ta karen shi kaɗai. Wannan ce mafakar wanda karensa ya taɓa cizo, ko wanda ke jihar da kamfanonin da suka rage kaɗan ne saboda guguwa ko gobarar daji, da wanda ya koma tsarin FAIR na Kalifoniya, wato inshorar da jihar ta tanada wa wanda kamfanoni suka ƙi, wanda ke ɗaukar gini amma ba ya ɗaukar alhakin wani. Ita ce kuma hanyar cika sharaɗin doka ga karen da aka ayyana mai haɗari: Pennsylvania na neman dala 50,000, Fulorida kuma dala 100,000 tun daga Yulin 2025. A nan ne ake buƙatar karatun ta-natsu, domin waɗannan takardu ba su da tsari guda. Ka bincika ko kuɗin lauya daga cikin adadin ake cirewa. Ka bincika ko kariyar ta tsaya a harabar gidanka ne ko tana fita titi. Ka duba ko akwai kason da za ka fara biya, da ko an sa sharaɗin igiya da takunkumin baki da shinge mai tsawo kaza, domin saɓa sharaɗi ɗaya ya isa a ƙi biya. Wasu kuma suna biya ne kawai idan an kawo ƙorafin a lokacin da takardar ke aiki, don haka in ka daina biya a Disamba aka shigar da ƙara a Maris kan cizon da aka yi a Oktoba, ka tashi a tutar babu. Da yawa daga masu sayar da irinta kamfanoni ne da asusun ceto na jiha ba ya tsaya musu idan sun karye, saboda haka ka nemi sanin ƙarfin aljihun kamfanin kafin ka sa hannu.

Hanya ta huɗu ba ta tsayawa da ƙafarta, a kan wata ake ɗora ta. Ita ce inshorar laima, kamar yadda sunanta yake a harshensu. Tana farawa daga dala miliyan ɗaya, tana shigowa bayan sashen E ya ƙare, kuma kuɗinta 'yan ɗaruruwan daloli ne a shekara. Yawancin kamfanoni sai sashenka na E ya kai dala 300,000 kafin su sayar maka. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauka laima za ta rufe ramin da takardar gida ta bari. Sau da yawa tana bin sawun ta ƙasa ne: abin da waccan ta cire, ita ma ta cire, ko kuma tana da nata jerin karnukan. Laima a kan hanya ta farko ita ce mafi ƙarfin kariya da mai babban kare zai samu. Laima a kan takardar da ta cire kare, in ba an rubuta maka akasin haka ba, ba ta ƙara maka komai a wannan batu.

A ɗauki misali ɗaya a gwada su duka

Ka ƙaddara ranar Asabar ce da yamma, wani ya shigo da kaya ya bar ƙyauren shinge a buɗe, karen ya fita ya tarar da 'yar maƙwabci mai shekara 7 tana wasa da keke, ya kama ta a kumatu. Aka yi ɗinki, aka ce sai an yi mata aikin gyaran fata sau biyu nan gaba. Aka daidaita a kan dala 180,000, kuɗin lauyan da ya kare ka kuma dala 30,000. Lissafin misali ne, amma rauni a fuskar yaro na cikin masu tsada, kuma yara ne aka fi ciza.

Mai hanya ta farko da sashen E na dala 300,000 ba zai fitar da komai ba. In nasa 100,000 ne, zai cika 80,000 daga aljihunsa, alhali ɗaga adadin zuwa 300,000 sau da yawa 'yan gomomin daloli ne kacal a shekara. Mai ƙayyadadden 25,000 zai nemo 155,000. Mai takardar kare ta daban ta dala 100,000 wadda lauya ke ci daga ciki, 70,000 ne zai rage, saura 110,000 a wuyansa. Wanda aka cire wa kare kuma bai sayi komai ba, duka 210,000 nasa ne, kuma a jihohi da yawa kotu na iya datse albashinsa ko ta ɗora wa kadararsa alamar bashi.

Yadda za ka yi cinikin

Ka fara da takardar da ke hannunka. Shafin farko ba ya isa. Ka duba jerin lambobin ƙarin shafuka da ke ƙasansa, ka karanta duk wanda ya ambaci dabba ko kare. Sannan ka nemi rahoton CLUE na kamfanin LexisNexis, kyauta ne sau ɗaya a shekara, yana ɗauke da diyyar da aka nema da sunanka ta shekara 7. Abin da kamfanoni za su gani ke nan, gara ka riga su gani, in akwai kuskure ka sa a gyara.

Ka je wurin dillali mai zaman kansa da ke hulɗa da kamfanoni da yawa, sannan ka tuntuɓi State Farm kai tsaye tunda nasu wakilan daban ne. Ka nemi farashi daga wuri uku a kan adadi ɗaya, kada ka kwatanta 100,000 da 300,000. Kowanne ka yi masa tambayoyi iri ɗaya ta imel, don amsar ta zama a rubuce: shin wannan kare, mai wannan iri da wannan nauyi, yana cikin sashen E da cikakken adadi? A wajen gida fa? Me zai faru bayan cizo na farko? Maganar baki a waya ba ta zama hujja ranar da aka zo biya.

Ka tafi da abin da zai yi wa karen shaida: katin allurar haukan kare, takardar fiɗiya in an yi, lasisin ƙaramar hukuma, hoton shinge da sakatar ƙyaure. Akwai jarrabawar ɗabi'a mai matakai 10 da ƙungiyar masu karnuka ta Amurka, AKC, ke gudanarwa tun 1989, sunanta Canine Good Citizen, wasu kamfanonin kan karɓi karen da ke jerinsu idan ya ci ta.

Ka kuma kula da kalmar gadi. A wurinmu karen gadi shi ne wanda ke haushi in baƙo ya taɓa ƙofa. A takardar Amurka, karen da aka horar don gadi ko kai hari rukuni ne na daban da kamfanoni da yawa ke ƙi ko wane iri ne. In karenka bai samu irin wannan horo ba, ka faɗi hakan ƙarara, kada fassara ta jefa ka rukunin da ba naka ba. In kuwa ya samu, ka faɗa, ka nufi hanya ta uku.

Abin da bai kamata ko kusa ka yi ba shi ne ɓoye karen, ko ka ce Labrador ne alhali katin asibitinsa ya ce Pit Bull. Ranar da aka yi cizo, mai binciken kamfani zai nemi takardun likitan dabbobi da na hukumar kula da dabbobi, ya tambayi maƙwabta, ya leƙa hotunanka na Facebook. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Suna iya rushe takardar tun daga ranar da aka fara ta, ba sashen kare kaɗai ba. In kuma inshora ta yanke, banki zai saya maka tasa mai tsada ya ɗora a kan bashinka, ita kuwa ginin kawai take karewa. Haka in ka kawo sabon kare a tsakiyar shekara, ka sanar a makon.

Ɗan haya na da ƙofa biyu da zai wuce, ta kamfani da ta mai gida. Inshorar mai gida ba ta kare ɗan haya, shi ya sa masu gidaje ke da nasu jerin, kuma dokar da ta ɗaure kamfanin inshora ba lallai ta ɗaure su ba. Kolorado ta ƙayyade kuɗin ajiya na dabba a dala 300, da ƙarin haya a dala 35 a wata ko kashi 1.5 cikin 100 na kuɗin hayar, duk wanda ya fi yawa. A sauran wurare yarjejeniyar haya ce ke magana.

In abin ya riga ya faru

A nan ne kyakkyawar ɗabi'armu kan iya cutar da mutum. Mun saba a ruga gidan maƙwabci da ban haƙuri, a ce duk abin da aka kashe a asibiti mu za mu biya, a yi sulhu a wuce wurin. Jaje da taimakon gaggawa wajibi ne, ka kira motar asibiti, ka ba da katin allurar karen. Amma takardar ta hana ka ɗaukar alkawarin biya da kanka ban da taimakon farko, in ka yi a aljihunka ne, kuma ta wajabta maka sanar da kamfani da wuri. Ka kira su a ranar ko washegari, ka rubuta lokaci da wuri da sunayen shaidu, ka ɗauki hoton ƙyauren. Hukuma yawanci za ta sa a killace karen kwana 10 don a tabbatar ba ya hauka.

Kada shirun maƙwabci ya sa ka ɗauka magana ta mutu. A Kalifoniya babba na da shekara 2 ya shigar da ƙara, yaro kuwa lissafin ba ya farawa sai ya cika 18. Yarinyar misalinmu na iya kai ƙara bayan shekara goma sha ɗaya da ɗoriya, kuma takardar da za a nema a lokacin ita ce wadda ke aiki ranar da aka yi cizon, don haka ka adana kwafinta da lambar rahoton da ka shigar, ko da ka sauya kamfani ko ka sayar da gidan.